JAKAR ISKA DA BEL ƊIN MOTA: ABIN DA YA KAMATA MAI JUNA BIYU DA IYALINTA SU SANI

Mace mai juna biyu da ke zaune a Dudunni, ko Kofa, ko wani gari a ƙananan hukumomin Kusada da Kankia, ba ta rasa shiga mota kafin ta haihu. Akwai zuwa awo, akwai tafiya goyon ciki gidan iyaye, akwai biki da suna, sannan ga ranar naƙuda. Idan kuma aka tura ta daga Babban Asibitin Kankia zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, dole ta hau babban titin Kano zuwa Katsina, inda manyan motoci da ƙanana ke gudu dare da rana.

Tambayoyi biyu sukan yawaita a ɗakin awo dangane da tafiya a mota. Mata sukan ce: "Idan na ɗaura bel, ba zai matse abin da ke cikina ba?" Magidanta kuma sukan tambaya ko ya kamata su sa a cire jakar iskar da ke gaban kujera, wadda makanikai ke kira iyabag, don kada ta bugi cikin uwargida. Amsar a taƙaice ita ce: a ɗaura bel yadda ya kamata, kuma a bar jakar iska a wurinta. Domin a fahimci dalili, za mu yi bayanin yadda na'urar da ke tayar da jakar take aiki.

Me ke faruwa da jiki idan mota ta yi karo?

Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa, duk wanda ke cikinta shi ma gudun kilomita 50 yake yi. Da zarar ta bugi wani abu ta tsaya cak, jikin mutum ba ya tsayawa tare da ita. Zai ci gaba da tafiya har sai ya haɗu da abin da zai tare shi, ko sitiyari, ko dashbod, ko gilashin gaba. Ƙarfin wannan bugu ya yi daidai da faɗowa daga tsayin mita 10.

Ga mai ciki akwai karo na biyu da ke faruwa a cikin jikinta. Mahaifa nama ce mai miƙewa da dawowa kamar roba, amma mabiyiya, wadda jariri ke samun abinci da iska ta hanyarta, ba ta miƙewa haka. Idan ciki ya bugu ko ya girgiza da ƙarfi, mabiyiya tana iya ɓantarewa daga jikin mahaifa. Wannan yana daga cikin manyan abubuwan da ke kashe jariri a ciki bayan haɗarin mota. Babban abin da ke kashe shi kuwa shi ne mutuwar uwar kanta. Saboda haka duk abin da ya kare uwa, ya kare ɗanta.

Sassan na'urar

Duk motar da ke da jakar iska za a ga an rubuta SRS ko AIRBAG a tsakiyar sitiyari da kuma kan dashbod a gaban fasinja. Ma'anar haruffan SRS ita ce "ƙarin kariya", wato ƙari a kan bel. Na'urar tana da manyan sassa huɗu:

1. Sensa, wato ƙananan na'urori masu jin bugu. Wasu suna gaban mota kusa da bamba, wasu a jikin ƙofofi ko ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya.

2. Ƙwaƙwalwar na'urar, wata 'yar ƙaramar kwamfuta a cikin akwatin ƙarfe. Yawanci akan ɗaure ta a tsakiyar mota, a ƙarƙashin wurin giya, inda bugu ba ya saurin isa. Daban take da ƙwaƙwalwar inji.

3. Wayoyin da suka haɗa su. A yawancin motoci akan yi musu kala rawaya domin mai gyara ya gane su, ya yi hattara.

4. Jakar kanta, wadda aka naɗe tare da wani ɗan gwangwani mai ɗauke da sinadari da kuma siririyar wayar kunna shi.

Wani Ba'amurke mai suna John Hetrick ya sami rajistar ƙirƙirar jakar iska tun a 1953, amma abin ya daɗe bai yi amfani ba, domin ba a sami abin da zai gane haɗari ya buɗe jakar cikin lokaci ba. A ƙarshen shekarun 1960 Allen Breed ya ƙera sensa mai sauƙi: ƙwallon ƙarfe a cikin bututu, maganaɗisu yana riƙe da shi. Idan mota ta tsaya da ƙarfin tsiya, ƙwallon sai ya kufce, ya gangara gaba, ya haɗa wayoyi biyu, wuta ta wuce. A 1981 kamfanin Mercedes-Benz ya fara sayar da mota mai jakar iska ta direba a Jamus. A Amurka kuwa, doka ta wajabta jaka biyu a gaban kowace sabuwar ƙaramar mota daga ƙirar 1998.

Sensa ta zamani ba ta kai ƙwayar wake girma ba. A cikinta akwai wani abu mai kama da haƙoran mataji biyu da aka cusa cikin juna, ɗaya a kafe, ɗaya yana iya motsi kaɗan. Ku tuna yadda nono ke zubowa gaba a cikin ƙwarya idan mai ɗauke da ita ta yi tuntuɓe. Haka ɓangaren mai motsi yake matsawa idan mota ta tsaya ba zato, sai tazarar da ke tsakanin haƙoran ta canza, wutar lantarkin da ke tsakaninsu ita ma ta canza. Wannan canji shi ne saƙon da ke isa ƙwaƙwalwa. Irin wannan sensa ce ke juya hoto a wayar hannu idan an kwantar da ita.

Yadda take yanke hukunci

Ƙwaƙwalwar tana karanta saƙon sensa sau ɗaruruwa a kowane sakan. Aikinta shi ne ta bambance tsakanin taka birki, ko faɗawa rami, ko rufe ƙofa da ƙarfi, da kuma karo na gaske. Tana duba ƙarfin bugun, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da ɓangaren da ya fito. Ba ta kuma aiki da shaida ɗaya. Akwai sensa ta biyu wadda dole ita ma ta tabbatar kafin a saki wuta. Wannan ne ya sa ba kasafai ramukan hanya ke tayar da jaka ba.

Jakar gaba takan tashi ne idan bugun ya kai kwatankwacin cin karo da katanga a gudun kilomita 15 zuwa 25 a awa ko fiye. Idan shaidun suka yi daidai, ƙwaƙwalwar sai ta tura wuta zuwa siririyar wayar nan da ke cikin gwangwani. Wayar ta yi zafi, sinadarin ya kama, ya fitar da iskar naitirojin, wadda ita ce mafi yawa a cikin iskar da muke shaƙa. Jakar sai ta tsage murfinta ta fito da gudun da yake iya kaiwa kilomita 300 a awa.

Idan aka raba sakan ɗaya gida 1,000, duk wannan aiki, daga bugu zuwa cikar jaka, kimanin kashi 50 yake ci. Ƙiftawar ido ta fi kashi 100. Wato kafin ido ya gama ƙiftawa an riga an gama. Nan take kuma jakar take sacewa ta wasu ƙofofi da ke bayanta. Hayaƙi da ƙurar da ake gani bayan haka ba alamar gobara ba ne, amma suna iya sa tari, musamman ga mai ciwon asma.

A cikin ƙwaƙwalwar akwai ɗan ma'ajin wuta, domin ko batir ya fashe ko wayarsa ta tsinke a farkon karo, jakar ta iya tashi. Wannan ma'aji ne ya sa mai gyara yake cire kan batir, ya jira wasu mintoci, kafin ya taɓa rawayan wayoyi.

Har ila yau, ƙwaƙwalwar nan ce ke kula da bel a motocin zamani. Kafin jakar ta cika, takan kunna wata na'ura da ke janye bel ya ɗame jikin mutum da kujera. Idan matsin ya yi yawa a ƙirji, bel ɗin yakan saki kaɗan don kada haƙarƙari ya karye.

Dalilin da ya sa bel ya zama dole

Masu ƙera mota sun tsara lokacin tashin jaka ne bisa mutumin da ke zaune daidai, bel yana riƙe da shi. Irin wannan mutum yakan isa ga jakar bayan ta gama cika, ta tarbe shi kamar matashin kai. Wanda bai ɗaura ba, tun lokacin da direba ya taka birki ya riga ya zamo gaba, sai jakar ta same shi tana tsakiyar fitowa. A nan ne take karya wuya ko ta ji wa ciki rauni.

Bugu da ƙari, jakar gaba ba ta cika tashi ba idan an bugi mota ta baya, ko ta gefe, ko ta wuntsila. Sau ɗaya tak take tashi, alhali mota tana iya bugun abu biyu ko uku kafin ta tsaya. Bel ne kaɗai ke riƙe mutum daga farko har ƙarshe, ya hana a yi jifa da shi waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ɗaura bel yana rage mutuwar masu zama cikin mota har da kusan rabi. Bel mai kafa uku da muke gani yau, Nils Bohlin na kamfanin Volvo ne ya ƙera shi, aka fara sa shi a mota a 1959. A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel daga ranar 1 ga Janairu, 2003. Mai ciki ma tana cikin wannan doka.

Yadda mai juna biyu za ta ɗaura bel

1. Igiyar ƙasa ta bi ta ƙarƙashin ciki, ta kwanta a kan ƙashin ƙugu da saman cinyoyi. Kada ta bi ta kan cibiya ko saman ciki.

2. Igiyar sama ta bi ta tsakiyar kafaɗa, ta sauko tsakanin nonuwa, ta wuce ta gefen ciki. Kada ki mayar da ita bayanki ko ƙarƙashin hammata.

3. Ki gyara hijabi ko mayafi kada ya dunƙule a ƙarƙashin igiyar, sannan ki ja ta ta kama jiki. Bel mai sako-sako ba ya riƙe mutum a kan lokaci.

4. Ki zauna a miƙe. Idan aka kwantar da kujera sosai, jiki yana iya zamewa ta ƙarƙashin igiyar ƙasa, ta hau kan ciki.

5. Idan kina kujerar gaba, a tura ta baya iyakar inda take zuwa. Kada ki ɗora ƙafa ko jaka a kan dashbod.

6. Idan ke ce ke tuƙi, ki bar tazarar aƙalla santimita 25 tsakanin ƙirjinki da sitiyari, kuma sitiyarin ya fuskanci ƙirji, ba ciki ba. Idan ciki ya tsufa har yana taɓa sitiyari, ki bar wa wani tuƙin.

Kujerar baya mai bel na kafaɗa ita ce ta fi dacewa da mai ciki idan akwai ta.

Wasu direbobi sukan soka bel ɗin ta bayan kujera, ko su sayi wani ɗan ƙarfe su cusa a ramin bel, don ƙarar gargaɗi ta daina damunsu. Wannan yaudarar ƙwaƙwalwar mota ce. Za ta ɗauka mutumin a ɗaure yake, ta yi lissafin tashin jaka a kan ƙarya. Maigida, idan akwai irin wannan ƙarfe a motarka, cire shi yau.

Fitilar da ke kan dashbod

Duk lokacin da aka murɗa makulli, ƙwaƙwalwar takan gwada wayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Alamar haka ita ce wata fitila, mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa ko mai haruffan SRS, wadda ke kamawa na kimanin sakan 6 sannan ta mutu. Wannan shi ne lafiya. Idan ta ƙi mutuwa, ko tana ƙiftawa, ko ta kama ana cikin tafiya, akwai matsala, kuma mai yiwuwa jakar ba za ta tashi ba ranar da ake bukatarta. Idan kuwa ba ta kama ba sam, to ko ƙwan ya mutu ko an cire shi da gangan.

Abubuwan da suka fi jawo wannan su ne: sakin soket da ke ƙarƙashin kujera saboda cusa kaya, shigar ruwa cikin ƙwaƙwalwa wajen wankin mota ko a damina, da tsinkewar wata faffaɗar waya da aka naɗe a bayan sitiyari. Idan wannan waya ta tsinke, sau da yawa hon ma yakan daina aiki. A kai motar wurin mai gyaran wayoyi da ke da kwamfutar binciken mota. Kada a yarda a liƙe fitilar da salatif.

Motoci da yawa da ke kan titunanmu na hannu ne, 'yan Kwatano, kuma wasunsu sun taɓa yin haɗari kafin a kawo su. Wasu marasa amana sukan rufe gurbin jakar da ta riga ta tashi, su maƙala wani ɗan abu a wayar wanda ke sa ƙwaƙwalwa ta zaci jaka tana nan. Fitila za ta mutu kamar lafiya, alhali gurbin fanko ne. Mai sayen mota ya duba murfin sitiyari da dashbod ko akwai alamar gam, ko fenti, ko bambancin kala, ya kuma je da makanikin da ya yarda da shi. Jakar da ta tashi ba a naɗe ta a mayar, sai dai a sa sabuwa.

Akwai kuma matsalar jakunkunan kamfanin Takata na ƙasar Japan. Sinadarin da suka yi amfani da shi yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da danshi, har gwangwanin ya tarwatse ya watsa ƙarafa a fuskar mutum. A Amurka kaɗai an yi kiranyen jakunkuna kimanin miliyan 67 domin a canza su, kamfanin kuma ya karye a 2017. Abin ya shafi motoci da dama na shekarun 2000, ciki har da wasu Honda Accord da Civic da Toyota Corolla. Duk mai motar da aka shigo da ita daga Amurka zai iya sa lambar jikinta, mai haruffa da alƙaluma 17, a shafin intanet na hukumar kula da lafiyar motoci ta ƙasar, ya ga ko an canza tata.

A motar haya

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 ba su da jakar iska ko kaɗan, saboda haka bel ne kawai kariya. A tasha kuma an saba zaunar da mutum biyu a kujerar gaba. Kujera ɗaya bel ɗaya gare ta, kuma wanda ke gefen giya yana zaune ne dab da dashbod. Mai juna biyu kada ta yarda da wannan zama. Idan da hali, maigida ya biya kuɗin kujerar duka, ko a nema mata wuri a baya inda bel ke aiki. Sau da yawa bel ɗin baya yana nan, ya shige ƙarƙashin kujera ne kawai, sai a roƙi direba ya zaro shi.

Ranar naƙuda ma haka abin yake. A shirya mota da kuɗin mai tun ciki yana wata 8, domin kada a tashi a makare, direba ya yi ta gudun da zai jawo wata masifar.

Ranar komawa gida da jariri

Al'adarmu ce kaka ko gwaggo ta rungumi jariri a kujerar gaba, maijego tana baya. Wannan shi ne wuri mafi haɗari a cikin motar. Jariri mai kilo 3, a karon da aka yi a gudun kilomita 50, yana iya fizgar hannun mai riƙe da shi da nauyin da ya kusa buhun hatsi. Babu hannun da zai riƙe shi. Kansa kuma yana daidai inda jakar za ta fito.

Jariri a baya yake zama. Abin da ya fi shi ne kujerar jarirai mai kallon baya, a ɗaure ta da bel a kujerar baya. Kada a taɓa ajiye irin wannan kujera a gaba inda akwai jakar iska mai aiki. Idan babu kujerar jarirai, mai riƙe da shi ta zauna a baya ta ɗaura bel ita kaɗai, kada igiyar ta haɗa da jaririn, direba kuma ya tafi a hankali. Wannan bai kai kujerar jarirai kariya ba, amma ya fi zaman gaba nesa. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 duk a baya suke zama.

Idan haɗari ya faru

Duk mai cikin da ta yi haɗarin mota ta zo asibiti a ranar, ko da ba ta jin ciwo ko'ina, ko da jakar ba ta tashi ba. Mabiyiya tana iya ɓantarewa jinin ya taru a ciki ba tare da ya fito ba, alamun kuma su bayyana bayan awoyi. Idan ciki ya wuce wata 5, mukan riƙe mace aƙalla awa 4 muna sauraren bugun zuciyar jariri da motsin mahaifa, wani lokaci har kwana guda. Ki zo da katin awonki. Idan rukunin jininki negetif ne, akwai allurar da ya kamata a yi miki cikin awa 72.

A garzayo nan take idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko da an riga an sallame ki:

1. Zubar jini ko ruwa ta gaba.
2. Ciwon ciki ko na baya, ko ciki ya yi tauri kamar dutse.
3. Naƙuda kafin lokaci.
4. Raguwar motsin jariri ko tsayawarsa.
5. Jiri, suma, ko numfashi sama-sama.

Wajen kawo ta, a kwantar da ita ta ɓangaren hagu, domin nauyin ciki kada ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Idan ana zaton ta ji rauni a wuya ko gadon baya, kada a lanƙwasa ta. Ana samun jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura a lamba 122 kyauta. Ku gaya wa likita ko ta ɗaura bel, ko jaka ta tashi, da kujerar da take zaune, domin wannan yana nuna mana inda za mu fi bincikawa.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin a tashi mota, maigida ya dubi fitilar nan ta kama ta mutu, uwargida kuma ta duba igiyar ƙasa tana ƙarƙashin ciki. Duk wadda ba ta gane yadda ake ɗaurawa ba, ta tambayi ungozoma ko nas a ranar awonta na gaba, za a nuna mata. Allah Ya tsare hanya, Ya sauke ku lafiya.